Damin Ɗan Baro

Dogon Dutsi, ranar Lahadi bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Hadiza, uwata ta kaina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ki a garin da ba ki da kowa sai Shi, Ya tsare fitarki da shigarki, Ya haɗa ki da abokan zama na kirki. Mu nan lafiya lau. Mamarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Labarin gida ki tambaye ta a waya, ita ce gwanar wannan. Ni abin da ya sa na ɗauki biro daban ne.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Tun da na gama ajin yaƙi da jahilci ban taɓa cika shafi biyu ba, iyakata in sa hannu a takardunku na makarantar lekol. Amma na san halina a waya. Ina fara magana sai murya ta hau sama, ke kuma ki yi shiru ki ce "to Baba", a rabu ba a faɗi komai ba. A takarda ba ni da damar yi miki tsawa, ke ma ba ki da damar ce mini "to".

Jiya mamarki ta gaya mini kin je ofishin fak ɗinku na jami'a kin tambayi yadda ake sauya fanni. Wai za ki bar karatun tarihi ki koma jestiyo, karatun harkar kasuwanci da ofis, kuma an ce miki ƙarshen watan nan ake rufe sauyin. Ta ce kin ce don hankalina ya kwanta ne. Na san daga ina abin ya fito. Ranar da muka raka ki tasha, kina riƙe da jakarki, na ce a gaban mutane, "Duk wahalar jarrabawar bak ɗin nan, a ƙarshe za a je Yamai koyon hirar tsofaffi." Mutane suka yi dariya, ke ma kika yi murmushi, kika hau mota. Na ga idonki ta gilashi, kuma tun ranar ban ji daɗin kaina ba.

To ki ji ni da kyau, Uwata: kada ki sauya. Ba lallashi nake yi ba. Zan gaya miki abubuwan da na yi da hannuna da bakina, waɗanda ba ki sani ba. In kin gama karantawa, ke da kanki za ki gane wanda ya fi buƙatar wannan karatu a gidanmu.

Kin san muna da gona a ƙauyenmu can gabas da Ɗan Kassari, kin kuma san ta fita hannunmu kina aji uku. Abin da aka gaya muku shi ne an cuce mu. Ba a cuce mu ba. Ga yadda aka yi.

A shekarun yunwa, ina yaro, wani mutum ya zo daga wajen Sukukutane da iyalinsa, dabbobinsa duk sun mutu. Ɗan Baro ake ce masa. Babana ya ara masa babbar gonarmu ta bakin fadama, ya ce ya noma ya ci. Ba a rubuta komai ba, don a lokacin ba a rubutawa. Abin da ake yi shi ne, duk kaka wanda aka ara wa gona zai kawo wa mai ita dami ɗaya na hatsi. Ɗaya tak, ko ya sami ɗari ko ya sami goma. Kuma Ɗan Baro ba ya ɗora shi a amalanke, ba ya aiko ɗa. A kansa yake ɗaukowa, da hantsi, ya biyo ta tsakiyar gari, ya tsaya bakin rijiya ya gaisa da mata, ya tsaya gindin bishiyar da dattawa ke zama ya gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya iso ƙofarmu ya sauke. Tafiyar da ba ta kai ta shan ruwa ba, sai ya yi rabin safiya yana yin ta.

Da babana ya rasu, ni ne babba. Lokacin na buɗe rumfar wake a kasuwar Dutsi, ina jin kaina, na sayi agogo, ina ganin mutanen ƙauye ba su san darajar lokaci ba. Kakar farko na je gida, sai ga tsohon nan tafe da dami a ka, gumi yana zuba, ƙafafunsa na rawa. Wallahi tausayi ne ya kama ni, amma da girman kai a ciki. Na tare shi na sauke masa, na ce, "Baba, daga bana ka huta. Mi za mu yi da dami guda? Gona ka ci gaba da nomanta, mu 'yan uwa ne." Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Yaro, ka bari in riƙa kawowa." Na ce na yafe. Na ɗauka kunya ce take sa shi musu.

Innata, kakarki mai sunanki, tana bakin murhu tana ji. Da ya tafi ta ce, "Ma'azu, wanga dami ba don ciki anka aza shi ba." Na ce, "Inna, zamani ya canza." Na duba agogona, na ce mota za ta tashi. Ban bar ta ta ƙarasa ba.

Shekara ashirin da wani abu suka wuce. Ɗan Baro ya rasu, 'ya'yansa manya suka rasu, Inna ta rasu. Da na so in karɓi gonar don yayanku ya fara noma, jikokinsa suka ce gonar kakansu ce. Kuma ba ƙarya suke yi ba a zuciyarsu. Sun buɗe ido sun ga kakansu a ciki, ba su taɓa ganin an kai wa kowa komai ba. Aka zauna gaban mai gari. Ya tambayi taron, "Cikinku wa yat taɓa ganin damin nan da idonai?" Dattawan gindin bishiya duk sun kwanta dama. Matan bakin rijiya da suka rage, biyu ne, ɗaya ta rikice, ɗaya ta ce ita dai ta daɗe ba ta ga dami ba. A nan na gane abin da tsohon nan yake yi da rabin safiyarsa. Shaidu yake tara mana, kowace shekara, a kan wuyansa.

Mai gari ya so ya taimake ni. Ya ce to in faɗi wanda ya sare dajin wurin, da wanda ya dasa gambar iyaka, da sunan rijiyar da ta rufta a kusurwar arewa. Uwata, na tsaya a gaban mutane da babbar rigata, ban san sunan kakan babana ba. Wani makaho a bayan taro ya faɗi sunan rijiyar, ni mai gona ban sani ba. Aka raba, aka ba su babban ɓangare, aka bar mana gefen tudu inda ko wake sai da lallashi. Hukuncin daidai ne, ban taɓa cewa ba daidai ba ne sai a gabanku.

Don haka ga nasihata ta farko. Duk inda kika ga mutane suna yin wani abu da kike ganin wahalar banza ce, kada ki yi saurin sauke musu. Ki tambaya tukuna: wa ya fara, me ya faru kafin a fara, me ake tsoro in an bari. Wataƙila ki tarar ba shi da amfani yanzu, sai a bar shi da sani. Ni na bar nawa da rashin sani, ina kuma jiran a gode mini. Sannan kada ki ɗauka na ce ki yi tarihi don ki karɓo mana gona. Gonar ta tafi, jikokin Ɗan Baro suna ciyar da yara da ita, in kin haɗu da su ki gaishe su da kyau. Kakansu ya fi ubanki sanin ya kamata.

Na biyun ya fi wannan nauyi, na kwana biyu ina kewaye shi kafin in rubuta.

Ina saurayi na shiga cikin samarin kasuwa masu zuwa karatu da wa'azi. Ban yi nadamar wannan ba ko kaɗan. A nan na gyara sallata, na bar rantsuwar banza a ciniki, na san haƙƙin mamarku. Amma na ɗauki abin da zafi fiye da yadda malaminmu ya ba mu. Shi mutum ne mai sanyi. Mu ne muka riƙa ƙara gishiri.

Inna 'yar wani ƙauye ce kusa da Lugu. Kin san abin da ake faɗi a kan mutanen wajen. Iyayenta masu bin al'adar gargajiya ne, masu iskoki da doguwa. Ita kanta tana salla, tana azumi, ban taɓa ganin ta yanka wa wani abu kaza ba. Sai dai tana da baki mai daɗi. In tana sussuka ko tana tsince wake, sai ta kama jero sunayen kakanninta, wane ya haifi wane, wance aka kai ta gari kaza, har ta kai bakwai ko takwas, da wata 'yar murya kamar waƙa. Tana kuma ba da labarin kakarta, wadda tana yarinya rundunar Nasara ta biyo ta Lugu tana ƙone garuruwa. Wai ta goya ƙanenta ta shiga kurmi, suka yi kwanaki suna cin 'ya'yan itace. Akwai abin da ya faru da ƙanen a kurmin, Inna takan rage murya in ta zo wurin. Ina yaro na ji, amma ban riƙe ba.

Bayan na ɗauko ta ta dawo wurina a Dutsi, wata rana abokaina uku suka zo muna zaune a zaure. Muryarta ta taso daga cikin gida, tana jero sunayen nan, wasu ba sunayen Musulunci ba ne. Ɗaya daga cikinsu ya dube ni ya ɗaga gira. Shi ke nan abin da ya yi, ya ɗaga gira. Na tashi na leƙa, na ce da ƙarfi yadda za su ji, "Inna, don Allah ki bar mana zancen arnan nan a gidan nan."

Tana zaune da faifai a cinya. Ta ɗago ta dube ni, ba ta yi fushi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To, Ma'azu." Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Shekara goma sha ɗaya ta ƙara yi a gidana. Ta yi renon yayyenki, ta yi dariya, ta yi mini addu'a kullum in zan fita. Amma ban sake jin sunayen nan ko ɗaya daga bakinta ba. Da farko na ji daɗi, na ce na gyara gidana. Sai ranar da muka dawo daga binne ta, wata tsohuwa cikin masu gaisuwa ta tambaye ni, "Ita marigayiyar ɗiyar wa ce a wajen uwa?" Na buɗe baki, babu komai a ciki. Wanda ya ɗaga mini gira kuwa, ko gaisuwar bai zo ba, ya koma Kwanni da zama tuntuni.

Ina son uwata, Hadiza. Ina son ta har yau, kuma ni na rufe mata baki don in burge mutum uku. Da aka haife ki na sa miki sunanta, ina ce miki Uwata, mutane suna cewa Ma'azu mai son uwa. Ni na san bashin kunya nake biya.

Nasihata a nan ita ce: sanin abu daban, bauta masa daban. Malamanmu kullum suna ba mu labarin al'ummun da suka shuɗe, na kirki da na banza, ba wanda ya ce sun bi su. Za ki zauna da masu bori, za ki zauna da mutanen coci, za ki karanta abin da Nasara suka rubuta a kanmu, wani ya ɓata miki rai. Ki riƙe sallarki da kyau, ki saurara da kyau, biyun ba sa faɗa. In wani saurayi mai ɗan gemu ya ɗaga miki gira a kan haka, ki ce masa ubanki ya riga shi, kuma bai ga riba ba.

Na uku gajere ne, amma shi ne ya shafe ki kai tsaye. Kina aji shida mushenku, malamin ajin, ya ba ku aiki, kowa ya rubuto asalin gidansu. Kika zo rumfa da kayenki na rubutu da biro, kika zauna kan buhu, kika ce, "Baba, mu daga ina muka zo?" Ko a lokacin gona ta riga ta tafi, ya kamata a ce na yi hankali. Amma na ce miki kakan Inna malami ne da ya taso daga Sakkwato da allunansa. Na ƙara masa jaki, na ƙara masa ɗalibai. Kika rubuta da kyakkyawan rubutunki, mushe ya ba ki maki mai kyau, ya karanta a gaban aji, kika dawo da gudu kika nuna mini, na sa hannu.

Babu wani malami, Uwata. Babu jaki. Ni na ƙirƙire shi a kan buhun wake, tsakanin mai saye ɗaya da na biyu. Kakan Inna manomi ne a ƙasar Lugu, kuma ko sunansa ban riƙe ba.

Yanzu kin san abin da ya sa na yi ta ɓata fuska tun ranar da kika ce tarihi kike so. Na ce miki babu aiki a ciki, na ce miki karatun malalata ne. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Na san ki. Tun kina ƙarama ba a ba ki amsa ɗaya ki tafi. In an ce miki kaza ta mutu sai kin tambayi wa ya gan ta ƙarshe. Na san in aka koya miki yadda ake bin sawun magana, wata rana za ki bi sawun malamin Sakkwato, ki tarar ya tsaya a bakin rumfata. Na gwammace ki zauna a ofis kina danna na'ura da ki gane ubanki maƙaryaci ne. To ga shi na hutar da ke, na faɗa da kaina. Ki yafe mini.

Abin da za ki ɗauka a nan: kada ki yarda da labari don kawai wanda kike so ne ya faɗe shi. In ubanki zai iya yi miki ƙarya a kan kakansa don ya ji daɗi, to sarki ma zai iya, maroƙi zai iya, Bature mai littafi zai iya. Ki ji daga baki biyu, uku. Ki duba me mai maganar yake so ya zama gaskiya. Amma in kin kama mutum, kada ki kunyata shi. Yawancinmu ba mugunta ke sa mu ba, kunya ce.

Na san akwai tambayar da take ranki, don ni na dasa ta: me za a ci da shi? Ba zan ƙara yi miki ƙarya ba, ban sani ba. Wataƙila ki koyar a lise, 'yan sakandare, alli ya ɓata miki zane, ki riƙa jiran ƙarshen wata kamar kowa. Wataƙila ki yi aiki inda ake adana tsofaffin takardu, ko wurin masu sasanta rikicin gonaki, waɗanda yanzu ko'ina ana neman wanda ya san yadda ake tambayar tsofaffi. Wataƙila ki sha wuya kafin ki samu. 'Ya'yan maƙwabta da suka yi jestiyo ma ina ganin wasu a bakin titi suna shan shayi, takarda ba ta yi wa kowa alkawari ba. Abin da na sani shi ne shekara talatin ina sayar da wake, kuma waɗanda suka daɗe a kasuwar nan ba su ne masu wayo ba, masu tuna baya ne. Wanda ya tuna yadda aka yi shekarar fara, shi ne ba ya sayar da rumbunsa duka da kaka. In tunawa tana riƙe ɗan kasuwa, ban ga abin da zai hana ta riƙe gari ba. Abincinki kuwa yana wurin Allah, kuma muddin ina da rai ba za ki kwana da yunwa ba.

Sauran 'yan ƙananan abubuwa, tunda na saba faɗa. Ki ci abinci, kada ki zauna da kopton ganye da burodi kawai ki dawo mana kamar kara. Faransanci ki koye shi har ya fi na malamanki, amma in kin dawo ki ajiye shi a bakin zaure tare da takalmi. Ƙanenki ya fara ce mini "wi papa", saura kaɗan in aika shi ƙauye. In za ki je wurin tsoho, kada ki je hannu sake, ko goro ko sukari. Ki zauna ƙasa. Kada ki tura masa waya a baki kafin ki nemi izini. In ya ɓata hanya ya shiga labarin akuyarsa, ki bi shi, sau da yawa abin da kike nema yana bayan akuyar. Kada ki gyara masa shekara ko suna a gaban jikokinsa. Kuma abin da kika samo, ki rubuta shi da Hausa ma, don irina su karanta ba sai an fassara musu ba.

Yanzu ga abin da ya sa nake ce miki lokaci ya ƙure, ba na ofishin fak kaɗai ba.

Inna tana da ƙanwa guda da ta rage, Inna Tani. Ba ki san ta ba, laifina ne. Rabona da ita tun zaman makoki. Tana can ƙauyensu. Ranar Talatar da ta wuce na rufe rumfa, na hau babur na tafi. Hanyar duk rairayi, sau biyu ina sauka ina turawa, amalanken hatsi suna wuce ni, masu su suna yi mini sannu da dariya a ciki. Na same ta a inuwar rumbu kan 'yar tabarma. Idonta ya tafi, jikinta ya ƙare, matar jikanta ta ce kwana biyun nan fura kaɗai take iya sha. Amma da na yi sallama, kafin in faɗi sunana ta ce, "Wanga muryar Ma'azu ce. Wa yam mutu?"

Na ce ba wanda ya mutu, gaisuwa na zo. Ta ce, "Awo." Muka gaisa, na ajiye goro da sukari. Na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na ce, "Inna, sunayen nan da yayarki take jerawa, da labarin kurmi, kina riƙe da su?"

Ta ce, "Dut ina riƙe. Ni ɗai na rage da su."

Na ce, "To ki faɗa mini in rubuta." Har na ciro biro.

Ta juyo da fuskarta wajena. Sannan ta ce, "Yayata ta zo nan da ƙahwarta, ta zamna inda kake zamne, ta hwaɗa min abin da kac ce mata. Ba ta yi kuka gabanka ba, nan ta yi shi. Kai ka ce ba a so gidanka. Ni ba ni kai kaya inda anka kore su."

Ban yi musu ba, da me zan yi? Na ce gaskiya ne. Na zauna ina kallon ƙasa, ni da furfurata. Can na ce mata ina da 'ya a Yamai, an ɗauke ta babbar makaranta, kuma abin da ta zaɓa ta karanta ke nan, labarin mutanen da. Ta ce, "Ana karatun wanga? Har Yamai?" Na ce ana yi. Ta yi wata 'yar dariya, ta ce, "Kai ka aike ta?" Na ce a'a, hana ta ma na yi, ta ƙi. Ta ce, "To ita ta zo. Wadda anka hana tac ƙi, ita za ni ba. Amma ka ce mata ta yi sauri, ni ba ni da alkawali da bazara."

Kin ji. Abin da na zubar yana nan a bakin mace ɗaya, kuma ta ce ba ni za ta ba. In kin koma jestiyo don ki faranta mini, to da hannuna na sake rufe bakin, wannan karon har abada. Ki bar sunanki inda yake. Ki koyi yadda ake yin abin da kyau a 'yan watannin nan, in an ba ku hutun Disamba kada ki tsaya ko'ina. Zan gyara babur, in sa sabuwar taya, ni zan kai ki.

Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Allah Ya buɗe miki ƙirji, Ya ba ki malamai masu tsoronSa, Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin baki da ciwon baƙon wuri. Allah Ya ja kwanan Inna Tani har ki iso. Allah Ya jiƙan mai sunanki, Ya haskaka kabarinta. Na yarda da karatunki, na sa masa albarka, duniya da lahira.

Alfarma ɗaya nake nema. In kun zauna, kin ga ranta ya yi daɗi, ki roƙar mini ita. Ba sai na shigo ba, ba kuma zan ce uffan ba. A bar ni dai in zauna a bayan dangar gidan, inda murya take kaiwa.

Ni ne babanki,
Ma'azu.